Tayin A-kori-kurar Alhaji Badamasi

"…lafiya lau, amarya. Ya karatu? Ko har yanzu kuɗin ɗana ake ci a banza?"

"Karatu alhamdu lillahi, ango. Kai fa ya tsufa? Yadda aka ce in zo da gaggawa, na ɗauka rabon gado zan tarar."

Tana haki Firdausi ta mayar masa, domin lacca ta baro a Bukit Jalil, ta hawo jirgin ƙasa, ta ƙarasa unguwar Danau Kota a tasi. A ƙasan benen da kakan nata yake zaune ta same shi, wurin ajiye motoci, ya jingina da a-kori-kurarsa. Mai koren fenti ce, ƙirar 1974, ya saye ta hannun wani tsoho mai kayan lambu shekarar da ya baro Kano ya zo wannan ƙasar. Da ita ya yi ta jigilar yadi da mayafai daga shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman zuwa wurin masu aika kaya Kano. Yanzu ta tsufa har tsufan ya zama ado, masu tara tsofaffin motoci sukan tare shi a hanya suna ɗaukar hoto.

Ba gaisuwa ta kawo ta ba. Yau inshorar motar take ƙarewa, kuma duk darajar da aka rubuta yau, ita kamfani zai biya in wani abu ya same ta har shekara ta zagayo. Watan jiya ruwan sama ya malalo wurin nan sai da ya kai rabin taya. Adnan, ma'aikacin kamfanin, ya duba inji, ya leƙa ƙasa, ya ce za a iya rubuta ringit dubu sittin, kuɗin ƙasar. Shi kuwa Alhaji Badamasi, goyon Kantin Kwari, da ya ji cewa abin da zai riƙa biya yana hawa tare da darajar, sai ya ga ai ciniki ne, shi ne mai saye. Ya kafe a kan dubu biyar.

"Alhaji, dubu biyar fa ka ce wa mutumin nan?"

"Ita ma don darajar tayoyin. Ke ba kullum kike ce mata gwangwani ba?"

"Gwangwani ce mana, amma ta fi mai ita lafiya."

"To wa ya taɓa yi wa gwangwani inshorar dubu sittin? Dube ta, yadda kika san fuskarki kafin ki shafa hoda."

"Fuskar da na gada a wurinka? Ai ni aka cuta. Alhaji, ka saurare ni, in ruwa ya sake shigowa..."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Shekara ashirin da biyu ina garin nan, ba a taɓa yi mini wayo ba, sai yau da aka turo mini 'yar boko ta taya su."

Adnan bai san me suke cewa ba, amma ya san agogo. Ya ce da Turanci saura minti goma ya wuce masallaci, yau Juma'a, kuma abin da mai mota ya amince da shi zai tura. Firdausi ta leƙa allon kwamfutar hannunsa, ta ga har ya buga biyar da sifili uku. Ta san tsohon nan sarai. In ka biyo masa ta hanyar bayani, sai ka kwana kana yi yana gyara zaman hula. Ta tsorata ƙwarai, kuma haushinsa ya kama ta, don ta san ran da motar nan ta salwanta, ba kuɗi kaɗai zai rasa ba.

Sai ta sauke jaka, ta zaro waya.

"Shi ke nan. Dubu biyar ko?"

"Yanzu kika yi hankali."

"Na saya."

"Kika me?"

"Na saya mana. Kai da bakinka ka yi mata kuɗi, ga Adnan shaida. Kuɗin makarantata na zangon nan suna nan, ba ni lambar asusunka. Akwai masu sayen ƙarfe da kilo a bayan kasuwa, gobe su zo su daddatsa ta, kowa ya huta da hayaƙi."

"Albarka."

Kalmar ta fito ne kafin ya yi shawara da ita. Bakin da ya shekara hamsin a kasuwa ba ya jin tayi ya yi shiru.

"Goma."

"Albarka."

"Ashirin, don tausayin furfurarka."

"Albarka! Ke, injin nan tun da aka ƙera shi ba a taɓa sauke shi ba. Ke kuwa haƙorinki nawa aka cire?"

"Talatin. Ai ƙofar sai an yi mata duka take rufuwa."

"Ƙarya kike, mummuna! Taɓa ta da yatsa ɗaya ki gani. Fentin nan na asali ne, kujerar nan fata ce. Albarka!"

"Arba'in da biyar, na haɗa maka da shayin mamak, mai shayin bakin titi, na wata guda."

"Shayinki ya daɗe. Wani ya biyo ni har gida da hamsin, ko kujera ban ba shi ba."

Ko ushirin kuɗin ba ta da shi, shi ma ya sani, amma ciniki ya riga ya ɗau zafi. Adnan ya sake duba agogo, ya ɗora yatsa kusa da wurin turawa. Firdausi ta ɗaga masa hannu ya dakata.

"Sittin. Na gama, ban ƙara ko sisi. Sallama mini."

Wannan karon bai yi sauri ba. Ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, ya daɗe yana kallon kujerar gefen direba.

"Albarka," ya ce a hankali. "A nan kakarki ta zauna ran da na kai ta asibiti. A cikinta na dawo ni kaɗai. Ba ta sayarwa ba ce, Firdausi."

Rabon da ya kira sunanta haka har ta manta. Ƙwalla ta cika mata ido, ta ji kamar ta bar maganar, amma minti biyu ya rage.

"To Alhaji, wadda ka hana ni a sittin, ita za ka sallama wa kamfani a biyar? In ruwa ya ci ta, biyar ɗin za su miƙo maka su ja gawarta su tafi. Ko albarka ba za su tsaya ka ce ba."

Ya dube ta, ya dubi allon. Aka yi ƙugin tsawa can nesa.

"Boleh?" in ji Adnan, wato ya tura?

Alhaji Badamasi ya cire hula ya share goshi. Sai kafaɗarsa ta fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ja'ira! A gaban baƙo kika taya ni kamar ragon layya. Shekara hamsin, yau 'yar da ba ta iya dafa ruwan zafi ba ta ci ni a ciniki. Rubuta sittin, Adnan, rubuta kafin ta sayar da ni."

"Kai wa zai saya? Ko masu kilo sai an haɗa musu da kyauta."

Adnan ya goge biyar ya buga sittin, Alhaji ya sa hannu da yatsa. Har Adnan ya juya zai tafi, sai ya ce saura tambaya ɗaya: ban da mai ita, akwai wanda za a rubuta a matsayin mai tuƙa ta?

Firdausi ta sunkuya tana ɗaukar jakarta, don ta san amsar. Ko ubanta bai taɓa riƙe wannan sitiyarin ba.

"Rubuta sunan mummunar nan," in ji Alhaji, ya cillo mata makulli. "Amma wallahi kika goga mata ko bango, na sake ki."