Keken Baba Terver

Ba zan taɓa mantawa da hawan tunawa da mamatanmu na shekarar da aka naɗa ni kyaftin ɗin ƙungiyar masu keke ta unguwarmu a Lafia ba. Al'adarmu ce duk shekara mu taru da sassafe, a kira sunayen 'yan ƙungiya da suka rasu, Musulmi su yi addu'a, Kirista su yi tasu, sannan mu hau zuwa Shabu. A can ake cin abinci, kyaftin ya karanta labaran gida: wanda aka yi wa haihuwa, wanda ke kwance a asibiti, wanda 'yarsa ta gama jami'a.

A shekarar ne muka rasa Baba Terver, manomin doyar da ya kafa ƙungiyar tare da shugabanmu, Alhaji Bukar. Matarsa, Mama Dooshima, ta kawo tsohon kekensa, baƙi, mai nauyin tsiya, babu giyar sauya gudu ko ɗaya. Alhaji ya ce kyaftin zai hau shi a gaba, kuma don girmama marigayi kada wanda ya wuce keken.

Ni kuwa na sha wando mai matse jiki da sabuwar hular kwano (har na gaya wa mai hoto ɓangaren da na fi kyau). Na bugi sirdin na ce yadda kowa zai ji, "Wannan ai da ƙafa ɗaya zan kai shi Shabu."

Mama ta ce, "Yarona, in ka hango tudu, ka fara taka shi tun daga nesa."

Na yi mata murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Mun bar gari lafiya, ina ɗaga wa 'yan acaɓa hannu. Sai ga wani ɗan tudu da ban taɓa sanin yana wurin ba, saboda kekena mai giya ya saba ɓoye min shi. Na taka, na miƙe tsaye, na taka. Keken ya rage gudu har wata mai tallan lemo ta wuce ni a ƙafa. Daga nan ya tsaya cak, muka kwanta tare a cikin ciyawa, a hankali, kamar mun yi shawara.

Tunda an hana wucewa, duk ƙungiya ta ja birki a bayana. Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi shirun ya fi dariyar ciwo.

Mama ta sauko daga keke napep ɗin da ya ɗauko abinci, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗaga keken.

Alhaji ya ce, "Mama, za ki iya kuwa?"

"Alhaji, tun kafin a haifi kyaftin ɗinku nake kai doya kasuwa da keken nan. Abokinka ranar Asabar kawai yake ara."

Ta hau. Ta haye tudun ba tare da ta waiwayo ba, maza suna binta a jere har Shabu. Ni kuma na ƙarasa a cikin napep, da kular shinkafa a cinya.

Da lokacin labarai ya yi, Alhaji ya miƙo min wata 'yar takarda. Ban duba ba na karanta a lasifika: "Ƙungiya ta karɓi Mama Dooshima a matsayin cikakkiyar mamba. Kyaftin kuma yana samun sauƙi." Nan dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Mama ta yi har da hawaye. 'Yarta ta raɗa min cewa rabonta da dariya tun rasuwar Baba.

Yanzu ita ke jan mu duk shekara, ni ina biye da ita, ina alfahari kamar ni na koya mata. Baki dai ban daina cikawa ba, amma na koyi bari sai na isa, na sha ruwa, na tabbatar babu tsohuwa a kusa.