Uban Majigi da Rabin Fim

Duk unguwar da Allah ya ba wa mutum irin Uban Majigi, ta gode masa. Wasu unguwannin likita gare su, wasu alƙali. Mu kuwa aka ba mu masanin tsofaffin finafinai, irin waɗanda aka ɗauka tun kafin fim ya koyi magana. Shi ne shugaban Ƙungiyar Ceto Finafinan Farko, shi ne mataimakin shugaba, kuma idan an zo zaɓe ba a taɓa samun gardama ba, don shi kaɗai ke zuwa.

Da ya yi ritaya daga gidan waya, sai ya kwashe kujerun falonsa ya kai su baranda, ya jera kantoci har rufi. A kansu gwangwanaye ne masu faɗi kamar faranti, kowanne da faifan fim a ciki. Ɗakin yana tashin wani tsami mai shiga hanci, wanda shi yake kira ƙamshin tarihi. Baƙo ba ya taɓa gwangwani sai ya wanke hannu, kuma ko ya wanke ɗin ba zai taɓa ba.

Ba a banza ya tara su ba, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Ya shiga rumbun tsofaffin silimomi da aka mayar ɗakin ajiyar siminti. Ya bi magadan masu tsofaffin faifai har gida tun ba su gama karɓar gaisuwa ba. Ya taɓa yin tafiyar yini guda a bayan babbar mota saboda an ce akwai gwangwani a wani gari, ya isa ya tarar wata tsohuwa tana ba kaji ruwa a ciki. Bai dawo hannu rabbana ba, ya sayo gwangwanin.

Amma duk wannan ɗawainiya fim ɗaya take bi. Tun yana yaro masu majigi suka zo garinsu, suka kafa farin ƙyalle a fili, suka nuna labarin wani dogon mutum riƙe da kejin tsuntsu, yana bin jirgin ƙasa da gudu, don matar da yake so tana ciki. Mutumin ya daka tsalle zai kama ƙofar jirgi, ƙafa ɗaya a sama, sai faifan farko ya ƙare. Kafin a ɗora na biyu ruwan sama ya tsuge. Washegari masu majigi suka yi gaba. Tun daga ranar Mai Keji yake rataye a kan Uban Majigi, bai kama jirgi ba, bai faɗi ba.

Matarsa kaɗai ta san wannan. A waje kuwa, duk wanda ya tambaye shi yadda fim ɗin ya ƙare, sai ya lumshe ido ya ɗaga yatsa.

"Ƙarshen nan ba na kowa ba ne. Sai wanda idonsa ya nuna."

Faifan farko ya daɗe da shigowa hannunsa, ya kalle shi har ya haddace. Na biyun ne ya gagara, har furfura ta gama da kansa. Da labarinsa ya tashi zuwa, ba daga wata ƙasa mai nisa ya zo ba. Yana can ƙarshen layinmu, a akwatin tsohon hedimasta, wanda ya gaje shi daga kawunsa. Hedimasta ba shi da injin majigi, bai taɓa ganin abin da ke ciki ba, amma da ya ji wanda ke nema sai faifan ya zama abin alfaharin zuriyarsu. Sayarwa babu, aro babu. In ana son kallo, a kawo inji gidansa.

Uban Majigi ya aika a gaya masa cewa inji ba ya zuwa wurin faifai. Hedimasta ya aiko cewa ɗalibi ne ke zuwa wurin malami. Haka suka yi ta gaisawa a hanya cikin mutunci, kowa yana tambayar lafiyar gwangwanin ɗan'uwansa, har damina ta zagayo. Ni dai tausayin Uban Majigi nake ji a lokacin, don na sha ganinsa ya taho har kusa da ƙofar hedimasta, ya tsaya yana gyara hula, ya juya.

Matansu ne suka gaji. Suka haɗu a wurin mai kayan miya suka yanke magana: za a yi kallon a shagon kafinta da ke tsakiyar layi, mai ƙofa biyu, kowa ya shigo ta tasa. Kowacce ta koma gida ta gaya wa mijinta cewa ɗayan ne ya sauko.

Ranar Asabar da rana aka ture katakai gefe, aka toshe tagogi da barguna, aka rataya zanen gado a bango. Unguwa ta cika shagon, wasu a benci, wasu a kan ƙofofin da ba a gama ferewa ba. Uban Majigi ya karɓi gwangwanin hedimasta da hannu biyu, ya buɗe, ya sunsuna, ya taɓa zaren fim ɗin da ɗan yatsa. Sannan ya sanar da jama'a, cikin jin daɗin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba, cewa zaren ya bushe ƙayau, sau ɗaya zai iya bi ta cikin inji, ba zai yi na biyu ba.

"Saboda haka kowa ya buɗe ido. Wanda ya ƙifta, ya ƙifta ke nan."

Aka fara da faifan farko. Tunda fim ɗin ba ya magana, Uban Majigi ya ara masa baki. Ya tsaya a gefen zanen da sandarsa, fuskarsa ga jama'a, bayansa ga hoto, yana faɗin abin da zai faru kafin ya faru. Haka yake yi kullum, don a ga ba ya buƙatar dubawa. Mai Keji ya yi gudunsa, ya daka tsallensa, faifai ya ƙare da ƙafarsa a sama.

Da hannunsa ya ɗora na biyun. Ya kunna inji. Maimakon ya zauna a kujerar da matarsa ta tanadar masa, sai ya ga bai dace faifai irin wannan ya shigo ba a yi masa maraba ba. Ya taka zuwa gaba, ya juya wa zanen baya, ya ce farkon duk rubuce-rubuce ne, zai ɗan yi tsokaci kafin hoto ya fito.

Ya fara daga filin garinsu. Ya biyo ta rumbun siminti. Matarsa ta yi masa nuni da hannu cewa ya juya, sai ya gyaɗa mata kai alamar ya gode da ƙarfafawa. Jama'a suka ja numfashi gaba ɗaya, ya ce lallai abin da ban tsoro, babbar mota ce ba birki. Suka fashe da dariya, ya ji daɗi labarin tsohuwa mai kaji ya shiga. Matar kafinta ta share hawaye, shi ma muryarsa ta raunana.

"Maigida, ka juya," in ji matarsa, wannan karon da murya.

"Bari in ƙarasa wannan batu ɗaya."

Da tafi ya ɓarke, ya dafa ƙirji ya sunkuya. Ya ɗago, ya juya a hankali irin na manya, ya tarar da zanen gado fari fat. Ashe ɗan guntu ne ya rage a faifan. A bayan inji kuma zaren ya zube a ƙasa gutsi-gutsi, ya gauraya da garin katako.

Aka yi layi ana yi masa barka. Kowa ya zo sai ya ce ashe haka abin ya ƙare, ya yi shiru, don ba a gaya wa masani abin da ya sani. Hedimasta ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce yau ya yarda, ƙarshen nan ba na kowa ba ne. Uban Majigi ya lumshe ido ya ɗaga yatsa, amma yatsan bai kai inda ya saba kaiwa ba.

A gida ya yi ta kewaye-kewaye a bakin kicin, yana gyara abin da bai karkace ba. Can ya yi gyaran murya.

"Uwar yara, faɗa mini yadda ya ƙare, in ji ko kin fahimta."

Ta ci gaba da ɗauraye kofuna.

"Ni wa? Idona bai nuna ba, Maigida. In tambaya kake yi dai, ka tambaya, in gaya maka yanzun nan."

Ya ce shi ba tambaya yake yi ba, jarrabawa ce. Ta ce to ta faɗi jarrabawar.

Har yau maganar tana nan. Kafinta ya san ko Mai Keji ya kama jirgi, mai kayan miya ta sani, mai facin taya da ya leƙo ta ƙasan bargo ma ya sani. A duk layinmu mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma in ka je wurinsa zai yi maka bayanin fim ɗin har ka gaji.