Ranar da Na Yi wa Gadon Matata Fenti

Ba zan taɓa mantawa da rabon gadon surukina ba, ko na so mantawa ma dangin matata na Bungudu ba za su bar ni ba. Ni mai hoto ne a Gusau. Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar amare da hoton fasfo, kuma a lokacin ji nake duk wani abu da ake kira kyamara na gama saninsa ciki da waje.

Surukin nawa, Allah ya jiƙansa, tsohon sojan sama ne, kowa Baba Soja yake ce masa. Bayan sadakar arba'in aka zauna a zaure don a ƙimanta abin da ya bari. Gonar Nahuce da shanu ba su ba kowa wahala ba, tunda manoma ne cike da zauren. Sai Yaya Lawali, wan matata, ya jawo wani akwatin katako ya buɗe. Wani ƙarfe ne a ciki, mai hannu biyu da ƙaton gilashi a gaba, nauyinsa ya kai na ƙaramin janareta. Ya ce kyamara ce ta ɗaukar hoton ƙasa daga jirgi, Baba ya saye ta ranar da aka yi gwanjon tsofaffin kaya a barikinsu.

Liman ya ce ba za a raba komai ba sai an san kuɗinta. Babu wanda ya tambaye ni (ku lura da wannan), amma na gyara zama na ce, "Malam, a bar mini ita. Aikina ne. Ku ba ni mako biyu."

Ba neman suna kawai nake ba, ko da yake akwai shi. Matata Zulai tana son wata jar karsana a cikin shanun, ita ta yi ta ba ta dusa tun tana maraƙa, kuma ta ƙwallafa rai a kanta. Na lissafa cewa in kyamarar ta yi tsada, dukiyar za ta ƙaru, rabon Zulai ya kai karsanar ba tare da gardama ba. Na ci alwashin sai na fito da darajar abin nan ko ana ha-maza-ha-mata.

Na kai ta shagona na duƙufa. Na duba waya na ga irinta, na ga Turawa masu tara tsofaffin kayan soja suna rububinsu. Farashin na kalla, bayanin da ke ƙasa kuwa ban karanta ba, ya yi mini tsawo. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: tamu ta yi muni. Fentinta ya koɗe, wurin riƙewa ya goge har ƙarfe ya fito, ga wani ɗan faranti mai rubutu a gefe duk ya yi tsatsa. To mu nan, wa yake kai tsohon babur kasuwa bai wanke shi ya fesa masa fenti ba? Ko akuya ce sai an share mata jiki.

Na ɗauke ta hoto yadda take, don in nuna wa mutane bambanci, sannan na kai ta wurin mai fentin babura. Ya juya ta ya ce, "Maigida, ka tabbata?" Na ce ya yi aikinsa, ni na san nawa. Ya kankare ta tas da sanfefa, ya ɓamɓare farantin don kada ya ɓata masa aiki, ya fesa mata baƙi mai sheƙi. Gilashin kuwa ni na ji da shi da hannuna. Akwai wani shuɗi-shuɗi a kansa da na ɗauka dauɗa ce, na sa garin sabulu da tsumma na yi ta dirza har kafaɗata ta yi ciwo. Akwatin katakon ma na canza mata shi da sabuwar jaka mai zif (da kuɗina, don a san suruki ya kai suruki).

Ranar da aka sake zama, Yaya Lawali ya gayyato wani Alhaji Bawa daga Tsafe, dillalin tsofaffin kaya mai hulɗa da masu saye a waje. Na ɗan ji haushi, amma na ce bari ya zo ya ga aiki. Maza na zaure, Inna, uwar matata, da Zulai da sauran mata suna bayan labule suna saurare. Na yi jawabi, wallahi har da gyaran murya. Na zuge zif a hankali na ɗora ta a tabarma.

Alhaji Bawa ya sa tabarau. Ya shafa jikinta, ya sansana yatsansa.

"Ina farantin da ke nan gefe?"

Na ce ya yi tsatsa, mun cire. Na miƙa masa wayata ina murmushi: "Duba yadda take da, Alhaji, ka ga wahalar da muka sha."

Ya daɗe yana kallon hoton, ya fi daɗewa a kansa fiye da kan kyamarar. Sannan ya yi bayani a natse, kuma natsuwar ce ta fi kashe ni. Ya ce masu tara irin wannan tsufan suke saye. Farantin nan shi ke ɗauke da lamba da sunan masana'anta, shi ke shaidar asalinta. Gogewar hannun ita ke nuna an yi aiki da ita a jirgi. Shuɗin gilashin daga masana'anta aka shafa shi. Akwatin katakon ma da kuɗinsa.

Liman ya ce, "To yanzu nawa za a sa mata?"

"Wagga ta cikin hoto," in ji Alhaji, "da ta yi kuɗin karsana mai kyau. Wagga ta kan tabarma kuwa, sai dai 'yan gwangwan su auna a sikeli."

Ji na yi gumi yana bin bayana har cikin wando. Wani dattijo ya tambaya, da gaske yake ba zolaya ba, ko za a iya kankare sabon fentin tsohon ya dawo. Liman ya yi gyaran murya ya ce dukiyar magada ce aka ɓata, kuma wanda ya ɓata shi ke da alhakin cikewa. Duk zauren ya san shagona da abin da ke ciki ba su kai karsana ba.

Sai muryar Zulai ta fito daga bayan labule, ba rawa ba komai.

"Malam, a sa ta a rabona, a kuɗin ta cikin hoton. Karsanar a ba Yaya."

Yaya Lawali ya ce a'a, ta ce ta riga ta faɗa. Aka shafa fatiha a kan haka. Kunyar da na ji gaban Alhaji Bawa wasa ce a kan wadda na ji a lokacin, don rufa mini asiri ta yi da abin da ta fi so a gidan ubanta.

A hanyar Gusau, tana bayan babur rungume da jakar. Da muka kusa shiga gari na ce ta yi haƙuri, na yi rantsuwa sai na saya mata wata karsanar. Ta ce, "Ja nake so. Kuma don Allah ka kawo ta yadda ka same ta."

Shekara biyu na yi kafin na cika alkawarin. Tun daga nan, in aka fito da tsohon abu ana neman wanda ya sani, ni hannuna nake turawa aljihu in jira a kira sunana. Har yau ba a kira ba.