Ranar da Na Gyara wa Danginmu Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kawo wa danginmu gyaran zaɓe, domin har gobe in na ga butar gahawa sai na ji kunya ta lulluɓe ni.

Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Mansur. Kakanmu da ƙannensa daga Kano suka zo aikin Hajji suka zauna, yau zuriyarsu ta yaɗu har muna da ƙungiyar zumunci. Shugaban zumuncin shi ke zama gaba a ɗaurin aure, shi ke karɓar gaisuwa in an yi rashi, shi ke sasanta masu rigima. Na daɗe ina kwaɗayin kujerar nan (ba zan ɓoye muku ba, har alkyabbar da zan riƙa yafawa na riga na gano a kasuwar Utaibiyya).

Yadda ake zaɓen kuwa tun na kakanni ne. Kowane gida ya turo dattijonsa, dattawan su shige ɗaki su sha gahawa, su fito da suna. Gida mai jama'a da yawa da gidan da bai cika tabarma ba, duk dattijo ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Sai zaɓen Amurka ya zo. Ina aiki a wani otal a Jarwal, wurin karɓar baƙi, kuma lokacin babu alhazai sosai, don haka na tare a gaban talabijin. Nan na gano ashe a can ba ƙuri'ar jama'a ke naɗa shugaba kai tsaye ba. Kowace jiha wakilai take turawa, har mutum kan fi yawan ƙuri'u amma ya sha ƙasa. Masu sharhi suna ta kai ruwa rana: wasu a rushe wakilan, wasu a raba su gwargwadon ƙuri'un kowa, wasu kuma a bar su don kada a danne ƙananan jihohi. Kafin a gama zaɓen na zama masani. Direban tasi bai tsira ba, matata Zulai ba ta tsira ba, wanzamina ma sai da ya kashe injinsa ya ce in zaɓa, aski ko siyasa.

Ana cikin haka shugabanmu, Baba Haruna, ya ce ƙafa ta gaza, a nemi wani. Aka sa za a yi zaɓen bayan walimar auren wata 'yar uwarmu, a gidan taron da aka kama, maza a ɓangarensu mata a nasu. Ni dai na riga na yanke cewa dattawa Yaya Bashir za su ba, ɗan goggona, mutumin da in ka gaishe shi da safe ka cinye masa rabin maganar yini. Na ce a raina, ta ɗaki ba zan ci ba, amma jama'a ai nawa ne.

Bayan La'asar, an ci an ƙoshi, dattawa suna tattara sandunansu za su shiga ɗaki, sai na miƙe.

"Ya jama'a, a gafarce ni! Wannan tsarin namu ai shi ne na Amurka sak. Mutum kaɗan su zaɓa wa kowa? Kowa da ƙuri'arsa, har iyayenmu mata!"

Kawu Isa, ƙanin mahaifina kuma dattijon gidanmu, ya jawo gefen rigata. "Ya waladi, ɗana, zauna. Na ce ka zauna."

Na ɗauka tsoron rasa iko ne ya kama shi (kun ji fa irin hankalina). Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, amma zamanin ɗaki ya wuce."

Samari suka yi ta tafi. Baba Haruna ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan. A yi masa yadda yake so."

Ni na tsara komai da kaina. Na sa aka kawo butocin gahawa biyu aka ajiye bayan labule, ɗaya tawa ɗaya ta Yaya Bashir, na ɗaura wa tawa jan zare. Kowa ya ci dabino ɗaya, ya shiga ya jefa ƙwallon a butar wanda yake so. In maza sun gama a miƙa wa mata su ma su yi. Da layi ya zo kaina sai na ga ya kamata dangi su ga halin shugabansu na gobe. Na ɗaga ƙwallona sama na ce, "Ni dai ba zan zaɓi kaina a gaban yayana ba. Nawa na Yaya Bashir ne." Aka ce masha Allah. Na koma na zauna ina maimaita jawabin godiya a zuci.

Da butocin suka dawo, Baba Haruna ya fara juye ta Yaya Bashir a kan faranti. Ƙwallaye suka yi ta zubowa kamar ana zazzage buhun gyaɗa. Ban damu ba, na ce danginmu ai da yawa.

Ya ɗauki tawa. Ya girgiza, shiru. Ya sake girgizawa kusa da kunnensa. Ya buɗe murfi ya leƙa, sannan ya miƙa wa Kawu ya ce, "Isa, idona ba shi da kyau, duba mini." Kawu ya kifa ta a kan faranti ya bubbuga gindinta. Abin da ya fito ɗigon tsohuwar gahawa ne. Sai wani daga baya ya kasa riƙewa, dariya ta ɓarke, daga ɓangaren mata kuma aka rangaɗa guɗa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya Bashir ya zo ya rungume ni ya ce, "Na gode da ƙuri'arka," wadda ita ce doguwar maganar da na taɓa ji daga bakinsa.

A hanyar gida ni na tuƙa Kawu, Zulai tana baya. Sai da muka kusa Mansur ya yi gyaran murya.

"Jiya muka gama magana, mu dattawa. Kai muka tsayar, don kai ka iya shiga ofisoshi ka yi bayani. Bashir ma ya yarda. Ɗakin nan sanarwa kawai za mu ɗauko."

Saura kaɗan in hau kan dakalin titi. Na ce, "To Kawu, ko kai ba ka jefa mini ba?"

"Ni? Bayan ka ce zamanina ya wuce?"

Na dubi Zulai ta madubi. "Ke fa?"

Ko kunya ba ta ji ba. "Ya sheikh, in ka zama shugaba wa zai riƙa dafa shinkafar baƙi? Kuma ni kaɗai nake jin jawabinka yanzu, na ce kada a ɗora wa dangi duka."

Kawu ya yi dariya har da tari.

Har yanzu in ana gardamar zaɓe a otal ina goyon bayan kowa da ƙuri'arsa, ban canja ba, sai dai muryata ta ragu. Abin da na koya ɗaya ne: kafin ka miƙe ka ƙwato wa jama'a 'yancin zaɓe, fara tambayar matarka wa za ta zaɓa.