Gyaran da na yi wa ƙofar Faransa

A sana'ar wanke gidaje da injin feshin ruwa ba a taɓa kushe ni ba, sai ranar da wata tsohuwar Baturiya 'yar asalin Faransa ta kira ni gidanta a unguwar Irving Park. Daɓen da mota ke bi kawai ta ce in wanke, ta fita.

Na gama da wuri, sai idona ya faɗa kan duwatsun da suka kewaye ƙofar gidan. Sun yi baƙi, duk gansakuka. Tausayinta ya kama ni, ga kuɗi amma babu mai kula. Kuma Bakano ba ya sallamar mai ciniki babu gyara.

Abokin aikina Isufu, mutumin Damagaram, ya ce, "Malam, rabu da su. Faransawa da tsufansa suke son gini."

Na ce, "Ku suka mulka, ba ni ba." Na tayar da inji, na mai da duwatsun fari fat, har na ɗauki hoto.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana shafa dutsen, sannan ta ce daga kangon gidan kakanninta a wani ƙauyen Faransa aka kawo shi, kuma da baƙin nan ta san shi tun tana yarinya. Sai hawaye. Wallahi gara a ce zagina ta yi. Unguwar nan ba a sake kirana ba.

Isufu ya kai labarin masallaci. Har yau in na shigo, sai Alhaji Sani, dattijon cikinmu, ya rufe fuska da hula ya ce, "Ku ɓoye tsofaffi, ga mai wankin tarihi nan."