Fastar Alu da Fatawar Injiniya

A duk faɗin Rano da Kibiya babu mai ilmin ɗan baffana Zakiyyu, shi ma ya sha faɗin haka. Wata uku cur ya yi a Kano yana koyon kwamfuta, ya dawo da tabarau da sunan Injiniya. Tun daga nan ko ƙosai zai saya sai ya tambayi ingancinsa.

Da zaɓe ya matso, ɗan uwanmu Alu ya fito neman kansila a Fassi. Ranar Alhamis shugaban jam'iyya zai zo ya tsai da ɗan takara, kuma Alu na so ya tarar da sunansa a kowace katanga. Ya kawo aikin fastar shagon Injiniya, inda nake taya shi aiki, don zumunci.

To, rubutu a cikin kwamfuta sumul yake, ko a ja shi ya yi tsawon rimi. Amma masu bugawa hoto suke karɓa, hoto kuwa ɗige-ɗige ne. Shi ya sa ake danna wani ɗan akwati a kwamfutar, ya zuba toka-toka a gefen haruffa don su kwanta lumui. Ni da na tsaya a aji uku na san wannan.

Injiniya ya ƙara girman sunan, ya hango tokar, ya yi salati.

“Wannan algus ne,” in ji shi. “Baƙi baƙi ne, fari fari ne. A zamanin Shari'a ba za a sirka launi a shagona ba.”

Na ce yaya, a dai danna. Ya tambaye ni ina satifiket ɗina.

Fasta dubu ta iso daga Kano. Kowane harafi ya fito da haƙora. Iya, mahaifiyar Alu, ta ɗaga ɗaya, ta juya, ta tambaya ko a rumbu ta kwana ɓeraye suka samu. Injiniya ya ce idon mutanen ƙauye ne bai waye ba.

Ranar Alhamis shugaba ya tsaya gaban katanga ya daɗe yana kallo. Ya ce wanda bai iya miƙe sunansa ba, ina zai miƙe hanyar Fassi. Ya ɗaga hannun abokin takarar Alu, Ishiyaku, wanda mai fenti ya rubuta wa suna da buroshi.

Alu bai ƙara taka shagon ba. Injiniya kuwa kafin Asabar ya haɗa fastar taya Ishiyaku murna, haruffa sumul kamar an lashe. Da ya fita alwala na leƙa kwamfutar. Ya danna akwatin.