Wakilin Ango da Auduga a Kunne

Ba zan taɓa mantawa da makon auren ƙanina Sadisu ba, don a makon ne na wayi gari kunnena na hagu ya ɗauke ɗif, sai wani zuuu kamar tsohon firji.

Likitan kunne ya ce hanya biyu ce: ko in sha ƙwayoyi, ko a yi mini allura ta cikin kunnen. "Amma Malam, kada ka yi wasa. Irin wannan in aka ja lokaci, jin ba ya dawowa."

Allura a cikin kunne? Ni da ta ɗuwawu ma sai an rirriƙe ni? Ƙwayoyin kuma ya ce suna tayar da suga, ga shi ina fama da shi. Na ce zan je in yi shawara (ku dai kun gane, gudu na yi).

Shawara kuwa na sha ta. Inna ta ce man zaitun da tafarnuwa. Maƙwabcin shagona a Sabon Gari, Oga Chinedu, ya ce, "Alaji, datti ne kawai, sa ruwan albasa." Ni kuma sarkin iyayi na ce bari in gwada duka: albasa a mataccen kunne, tafarnuwa a mai lafiyar, wai riga-kafi. Na danna musu auduga, na ja hula ta rufe.

Haka na tafi ɗaurin auren a Fagge, kuma ni ne wakilin ango. Na nemi auren, na sunkuyar da kai irin na ladabi ina jiran amsa. Ashe waliyyin amarya ya ce ya bayar. Shiru. Ya maimaita, shiru. Dangin amarya suka fara kallon juna, sun ɗauka fasawa muka yi. Sadisu ya kai mini zunguri, na zabura, hula ta faɗi. Ga auduga, ga mai yana gangarowa kan farar shaddata, sahun gaba ya gume da warin tafarnuwa.

Na kwarma ihu, "AN BA MU NE?"

Liman kansa sai da ya toshe baki da rawani.

An dai ɗaura. Daga baya na kai kaina aka yi allurar, ko zafin kirki babu. Sai dai na makara, rabin jin ne ya dawo, kuma har yau abin yana ci mini rai. In likita ya ce ka hanzarta, kada ka tsaya kafa kwamiti. Yanzu duk mai son yin gulmata a gida ya san gefen da zai zauna.